Murfin Tukunyar Yaya

Bari in fara da wautata, tunda ko ban faɗa ba matan unguwa sun riga sun kai labarinta har Abbasiyya, can ɗaya gefen Alƙahira. Ranar addu'ar uku ta Yaya muna zaune a saman benen da ya yi zamansa a Hadayik al-Ma'adi, an shimfiɗa tabarmi tsakanin igiyoyin shanya da akurkin kajin mai gida. Malam ya shafa, kowa ya shafa, wuri ya yi tsit, irin shirun nan da yake sa mini ƙaiƙayi a harshe. Sai kawai na ji bakina ya ce, "To, bana dai mun huta da hawan dutse."

Ni a tunanina raɗa na yi. Amma wanda ya ƙare rayuwarsa yana guga kusa da rediyo bai san ƙarfin muryarsa ba. Ɗan ƙanwata, wanda yake karatu a Azhar, ya rufe fuska da hannun riga. Wani Alhaji ɗan Damagaram mai sayar da turare ya fara dariya, ya tuna inda yake, ya mai da ita tari. Daga bayan labulen da mata suke na ji motsin kwanuka. Matar Yaya ta fito cikin kayan takaba, riƙe da murfin tukunya da ludayin ƙarfe. Ta ratsa maza ba ta dubi kowa ba, ta ɗora mini su a cinya.

"Ya ce kai," in ji ta.

Na saba ce mata amaryata, irin wasan ƙanin miji, amma ranar ko ni na san in haɗiye. Na ce, "Ni me, Hajiya?"

"Kai dai. Ka san aikin."

Na san aikin, shi ne abin haushin. Tun yana raye yake bina da wannan murfi, yana so in ce na karɓa, ni kuma ina zillewa. Na ɗauka mutuwa ta raba mu da maganar. Ashe ya bar wakiliya.

Masu gaisuwa kowa da abin da ya faɗa a kansa. Bawwabin gidan, wato mai tsaron ƙofa, wani Basa'ide, ɗan kudancin Misira, mai ƙaton gashin baki, ya zauna a bakin tsani yana share hawaye da rawani. Ya ce shekara da shekaru yana roƙon Allah ya raba shi da ƙarar murfin nan, yau an raba shi, kuma bai ji daɗi ba. Mai sayar da burodin kan kwana ta ce mahaukaci ne, amma bai taɓa latsa mata burodi ya ajiye ba. Ɗalibai suka tuna romon da yake kai musu idan zazzaɓi ya kama su, suka tsallake sauran labarin, don su mutanen kirki ne. Wani saurayi kuma, ɗan maƙwabta da ya girma a gabanmu, yanzu yana aikin jirgin ruwa tsakanin Suwais da Jidda, ya zo tun daga tasha. Ya ce mini, "Baba, har yau duk inda muka sauka, idona tudu yake fara nema kafin ya nemi masallaci." Na ce masa wannan ba abin faɗa ba ne a gaban malamai.

Ina rubuta wannan da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, don kada a manta da shi. Kuma don a san irin wahalar da ya ba ni.

Yaya ɗan gwaggona ne, taubashina ke nan, kowa a cikinmu yana cewa ɗayan bawansa ne. Ya girme ni nesa. Ina yaro ya tafi hajji a ƙasa, ya maƙale a Bur Sudan, ya shiga kicin ɗin jirgin ruwa yana feraye dankali, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. Har sadakar mutuwarsa aka yi a gida. Wannan shi ne karo na biyu da na ci abincin makokinsa, kuma na farkon ya fi maiƙo.

Shekarar da aka sake buɗe mashigin Suwais, ina tsaye a ɗan shagona ina goge wandon wani Bature, sai ga tsoho a bakin ƙofa, dogo, ramamme, da murfin tukunya a hammata.

"Kai ne ɗan Kawu?" ya ce. "An ce mini ka zo Misira karatu."

Na ce, "Na zo. Karatun ne ya hango ni ya canja hanya."

"To, bawa, nema mini ɗaki."

Na tambaye shi ina tukunyar. Ya ce tana inda take.

Na samo masa ɗaki mai kyau a ƙasa, kusa da famfo, kusa da masallaci. Ya leƙa, ya girgiza kai. Na samo wani a hawa na biyu, ya ce ƙasa ne. Sai da muka ƙure bene, muka fito inda ake shanya da kiwon kaji, ya tsaya ya dubi gabas inda dutsen Muƙaddam yake, ya dubi yamma inda kogin Nilu yake, ya ce nan. A nan ya zauna, a nan ya auri Hajiya, wata Bahausar Sudan mai haƙurin da ban san inda ta samo shi ba. Duk wanda yake son romon Yaya sai ya biya da gwiwarsa.

Labarinsa bai ɓoye wa kowa ba, sai dai gajere yake bayarwa. Ya ce jirgi ya taɓa barinsa ba lafiya a wani tsibiri can gabas, bayan ƙasar Hindu, inda Musulmi masunta suke gina gidaje a kan sanduna a bakin teku. Ya warke, ya ƙi tafiya, ya yi aure, ya haihu. Wata safiya ƙasa ta girgiza, kwanuka suka zubo. Da ta lafa sai teku ya ja da baya, ya yi ta tafiya har ya bar jiragen kamun kifi kwance a kan yashi. Daga nan ya dawo a tsaye, ya fi bishiyar kwakwa. Da ya sake komawa, babu gari. Nan yake tsayawa. Idan ka ce, "Sai me?" sai ya ce, "Sai ga ni."

Wa zai yarda? Mu mutanen tudu ne, ruwan da muka sani daga sama yake zuwa. Ni dai duk inda aka taru sai in ce, "Yaya, ba su labarin ranar da teku ya tafi kasuwa ya dawo." A yi dariya, shi kuma ya bayar, tiryan-tiryan, kamar ba shi ake wa ba.

To ga inda ni na shigo ciki. A Misira, tsakiyar sanyi, lokacin da gona ba ta neman ruwa sosai, masu kula da madatsa sukan rage ruwan kogi don a yashe magudanai. Kowace shekara ake yi, ko jaririn Bamisire ya sani. Nilu ya ja da baya, laka ta fito, ƙananan jirage su zauna a kan taɓo. Yaya bai sani ba. Kullum bayan asuba yakan taka ya hango kogi daga bakin titi, ba ya matsawa. Ran nan ya hango laka.

Ina hura gawayi a dutsen guga na ji ƙara kamar ana rushe maƙera. Ga Yaya a tsakiyar lungu yana dukan murfi da ludayi, yana kira da Hausa da Larabci da wani yaren da ban taɓa ji ba. "A bar komai. A yi tudu. Yalla, a bar komai." Idonsa kaɗai ya isa ya tashi mutum. Na bi shi, mata suka bi, yara suka bi, har da Misirawan da suka ɗauka gobara ce. Na juya zan ɗauko takalmi, ya damƙe mini wuya. "Ba a komawa." Haka na taka tun daga unguwa, muka tsallake layin dogon Halwan, muka ratsa yashi har gindin dutse, ba takalmi, cikin sanyin da ke tsinka yatsa. Muka hau, muka zauna, muka zuba wa Alƙahira ido. Tana nan lafiya lau, motoci suna ta ham. Da rana ta take muka sauko. Na tarar gawayina ya ƙone rigar wani likita.

Na ce to, an yi kuskure, an gane, shi ke nan. Shekara ta zagayo, ruwa ya ja, murfi ya tashi.

Ɗan ƙanwata ya zaunar da shi da ladabi, ya yi masa bayanin madatsa, ya ce teku yana can Iskandariya, tafiyar rabin yini a jirgin ƙasa, kuma kogi ba ya irin wannan. Yaron yana da gaskiya, har yau yana da ita. Yaya ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na sani, malam. Kogi ne."

"To, Kawu, me ya sa?"

"Kai ka karantar da kaina, Allah ya saka. Ƙafar fa, wa zai karantar da ita?"

Manya suka fara zamewa, kowa da uzurinsa. Yara kuwa abin ya zame musu salla, don tun kafin lokacin yakan kai tukunya da itace ya ajiye wurin wani mai fasa dutse a can sama, idan an hau ya dafa musu shinkafa da kwakwa irin ta tsibirin. Dokokinsa ba su da yawa. Ba a ɗaukar kaya, ba a komawa, babba ya riƙe ƙarami, ba a waiwaye sai an kai. Wanda ya waiwaya, ƙanzo zai ci. Ni kuma ko na kulle shago na yi lamo a ciki, sai ya zo ya tsaya daidai ƙofa yana duka har maƙwabta su fara zagina ni. Ka ji zalunci. Shi ke duka, ni ake zagi.

Shekarar da aka yi rigimar tsadar burodi, gari yana a tsorace, wani ɗan sanda ya tare mu wajen layin dogo. Ka ga baƙaƙen fata da yara ba takalma, tsoho a gaba yana kaɗa ƙarfe. Ya ce wace zanga-zanga ce wannan? Da guntun Larabcina na ce teku muke gudu. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ce wane teku? Na matsa kusa da shi, na taɓa gefen kaina da yatsa, na ce, "Ma'alish, ya basha, a yi haƙuri, tsohon ba shi da lafiya." Ya yi murmushi ya ba mu hanya. Mun yi nisa Yaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Larabcinka ya gyaru, bawa." Ranar ni na ci ƙanzo, ban kuma waiwaya ba.

Kada in ci haƙƙinsa. Akwai shekarar da bututun ƙazanta ya fashe a lungunmu, ruwa ya shiga ɗakina na ƙasa har gwiwa, ya lalata katifa, ni kuma ciwon ƙirji ya kwantar da ni. Tsohon nan ya sauko, ya goya ni, ni ƙato, ya hau da ni bene hawa-hawa yana hutawa a kowace kwana. Ya ba ni gadonsa, shi ya koma tabarma kusa da kaji. Ya yi ta ɗura mini romo da citta har na tashi. Ana cewa mai kirki ba ya gori. To shi kullum da safe sai ya miƙo mini shayi ya ce, "Ina labarin ɗakin ƙasa, kusa da famfo?" Na gode masa, kuma na so in jefa shi daga benen.

Faɗanmu na gaske sau ɗaya ne, kuma ni na jawo. Wata shekara na ce bari in warkar da shi, don ni likita ne. Da ruwa ya ja, kafin ya gama zagaya lungu da murfi, na naɗe wando, na ɗauki kwandon wanki, na ce wa yaran, "Ku bar tsoho da dutsensa, ku zo mu yi su, kamun kifi irin na garinmu." Na sa waƙa, na yi 'yar rawa. Wallahi ko rabin lungu ban kai ba duk sun juyo bayana. Muka gangara bakin kogi, muka faɗa laka. Akwai 'yan ƙananan kifaye da suka maƙale a kududdufai, yara suna wawa suna ihu, ni ina tsakiya kamar sarkin ruwa.

Mutumin da ko bakin titin kogi ba ya tsallakewa, sai ga shi cikin taɓo har ƙauri. Yana kama yaro yana wurgawa tudu, yana kama yarinya yana wurgawa, kamar mai sauke kankana daga mota. Da ya gama da su ya juyo kaina. Ludayin nan da kuke gani ya ɗan lanƙwashe, a goshina ya lanƙwashe.

Daga nan ya daina mini magana. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, azumi ya zo, ko sallama ba ya amsa mini sai a ciki. Ni ma na ce ya je, wa ya rasa? Hajiya ce ta sauko shago da yamma ɗaya ta ce, "Kai mai guga, ka hau ka ba shi haƙuri. Ba ya cin abinci sosai, ba shi da wanda zai zaga." Na ce goshina fa? Ta ce goshin ba abin da ya rage shi da shi, da ma ba komai a bayansa.

Na hau bayan la'asar. Yana zaune yana tsince shinkafa a faranti. Na zauna. Yana tsincewa ya ce, "Ka tuna ranar su a tabkin bayan gari?"

Na tuna mana. Idan bazara ta yi, tabki ya ƙafe ya rage ɗan tsakiya, sai a yi shela, gari duka ya faɗa da homa da kwando da ƙwarya, har tsofaffi. Ranar ba wanda ke kwana da yunwa.

Ya ce, "To ni abin da na gani ke nan. Ƙasa ta gama rawa, na fito, na ga teku ya ƙafe, kifi yana tsalle a kan yashi iya ganinka. Manya, irin waɗanda sai an kwana a ruwa ake samu. Na ce yau Allah ya kawo mini garinmu har gida."

Ya ce surukarsa, uwar matarsa, wata 'yar tsohuwa ce da muryarta ba ta wuce ta ɗan tsako. Ta ji a bakin kakanninta cewa idan ƙasa ta girgiza teku ya ja, a gudu tudu. Ta fito tana ɗaga hannu tana nuna dutse, tana faɗa, tana kuka. Wasu suka tsaya suna dubanta, suna duban kifin, sun rasa wanda za su bi.

"Ni kuwa a garin nan ni ne mai ban dariya," in ji Yaya. "Baƙon nan dogo da yake karya musu yare. Duk abin da na yi sai yara su bi. Na kwaikwayi tsohuwar, na ɗaga hannu irin nata, aka fashe da dariya. Na cire murfin tukunyar da ke kan wuta ina kaɗawa kamar ganga, na ce a zo a ga yadda ake su a ƙasarmu. Ɗana ne a gaba, da kwando a ka."

Ya ci gaba da tsince shinkafa. Ya ce ƙarar ce ta fara zuwa, kamar jiragen ƙasa da yawa a lokaci ɗaya. Abin da ya sani bayan nan, yana rataye a kan wata bishiya can cikin gonaki, ba riga ba wando, murfin yana hannunsa, yatsun sun ƙi buɗewa. Tsohuwar ta tsira, da 'yan tsirarun da suka bi ta. Matarsa ta bi uwarta har rabin tudu, ta hango yaron, ta koma. Da ya gangaro ya sami surukar zaune a kan dutse. Ba ta zage shi ba. Ta ba shi ruwa ya sha, ta yage zanenta ta ba shi ya ɗaura.

"Da ta zage ni, da na iya zama," ya ce.

Na buɗe bakin nan nawa. Abin da ya fito shi ne, "To ai nan kogi ne, Yaya."

"Kai ma ka koma Azhar? Na ce na sani. Yaran nan a nan za su tsufa? Wannan zai je Jidda, wannan Bur Sudan, wannan Ikko, wannan zai shiga jirgi kamar ni. Wata rana ɗaya daga cikinsu zai ga ruwa ya ja. Ba na so ya tsaya tunani. So nake ƙafarsa ta riga shi."

Daga ranar ya fara bina da maganar murfi. Ya ce gwiwarsa ta fara ƙi, numfashi ya fara gajarta, yana so ya ji da kunnensa wani ya ce zai ci gaba. Na ce ga ɗan ƙanwata, mai ilimi, mai natsuwa. Ya ce a'a. Na ce ga Alhajin turare, ana jin maganarsa. Ya ce a'a. Na ce ni dutsen guga na iya riƙewa, shi ma yana ƙona ni. Duk shekara ya tambaya, duk shekara in ba shi wani shirme. Sau ɗaya na ce sai ya haɗa mini da tukunyar. Ya dube ni, na tuna inda tukunyar take, na so ƙasa ta tsage in shige. Kun ga irin mutumin da ya zaɓa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku taurin kansa.

Hawansa na ƙarshe bara ne, shekarar da aka fara jirgin nan mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, wanda ya rantse ba zai shiga ba ko an ɗaure shi. Ƙafa ta riga ta ƙi. Likita ya ce kada ya sauko bene, Hajiya ta ɓoye masa takalma, ta manta mutumin ba ya buƙatarsu. Ya sa bawwabi ya sauko da shi, ya tare wani mai amalanken jaki da ke kwasar shara, ya hau kan buhuna ya zauna kamar ango. Jaki yana tafe, yana dukan murfi, sai dai dukan ya yi rauni, tsakanin bugu da bugu kana iya yin salati. Yara suna biye. Ni ina gefe riƙe da shi kada ya faɗo, ina faɗa masa cewa wannan wulaƙanci ne ga ni da jakin.

Can sama ya kasa dafa shinkafar, ni na dafa, ta caɓe. Yara suka ci don kunya. Shi ya jingina da dutse yana kallonsu, an lulluɓe shi da bargo. Ya miƙo mini murfin. Na sa hannuna biyu a aljihu.

Na ce, "Yaya, don girman Allah, me ka gani a jikina? Ni ne fa na kai su laka."

"Shi na gani," ya ce.

Ya yi tari, ya huta, ya faɗi abin da ya faɗa. Ni kuma na ce rana tana yi, a tattara yara. Muka sauko. Bai sake tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abinsa, farkon sanyin nan, da hantsi, a kan gadonsa, fuskarsa tana duban dutse. Mun kai shi maƙabartar da ke gindin Muƙaddam. Mai haƙa ya nuna mana wuri a gangare, Hajiya ta aiko cewa a ƙara matsawa sama. Ba wanda ya yi dariya, har ni. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da yaronsa da uwar yaron, ya saka wa tsohuwar nan da ba mu san ko sunanta ba.

Yanzu murfin yana ƙarƙashin teburin guga, duk na motsa sai ya buge mini ƙauri. Na mai da shi bayan ƙofa, ya faɗo a kan mage. Yaran lungu sun fara wucewa ta gaban shago a hankali, suna leƙe. Hajiya ba ta sake mini maganar ba, sai dai jiya ta aiko mini da kwakwa guda biyu, ba saƙo. Me zan yi da kwakwa? Yau da safe kuma na tsinci kaina a bakin titin kogi. Iska na je sha, kada wani ya fassara. Ruwa ya fara sauka, matakalar masu jirage ta fito, gobe ko jibi laka za ta bayyana. Na tsaya ina jin haushinsa kamar yana raye. Mutum ya mutu, ya bar ni da gwiwa mai ciwo da ludayin da ya fasa mini goshi.

Abin da ya faɗa a kan dutsen, da na ce rana tana yi, ga shi.

"Tsohuwar nan ita ke da gaskiya, ɗan Kawu, amma ni aka bi. Kai ma kai za a bi, ko ka karɓi murfin ko ba ka karɓa ba. Ni dai so nake in san inda za ka nufa da su."